Kafin Mai Gawayi Ya Taya Ɗinyar Ƙarshe

Itatuwan da suka ciyar da iyayenmu a karkarar Kano da Jigawa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma mafi yawansu da rana tsaka ake cinikinsu, tsakanin mai gona da mai gawayi. Ɗinya da kanya da tsamiya da ɗorawa da aduwa, waɗanda wasunsu sun girmi duk wani mai rai a ƙauyen da suke, ana sallama su a kan kuɗin da ba zai kai iyali ƙarshen wata ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gas ɗin girki da kananzir suka ƙara yi wa talakan birni nisa, buhunan gawayi sai ƙaruwa suke yi a gefen hanyoyin da ke shiga Kano da Dutse da Haɗeja, kuma kowane buhu daga jikin wata bishiya ya fito.

Ba na ɗora wa manomin laifi kai tsaye, domin lissafi ya yi, kuma lissafin nasa ba na wauta ba ne. Yana da yaro a kwance, ko taki yake nema, ko auren 'ya ya taso, ga kuma bishiya a tsakiyar gona tana yi wa gero inuwa, 'ya'yanta suna nuna cikin 'yan makonni su zube, yara su ci abin da za su ci, awaki su ci nasu, saura ya ruɓe a ƙasa, shi kuwa ko sisi bai shiga aljihunsa ba. Ga wanda ke cikin wannan hali, wa'azin kare muhalli ba ya ratsa kunne. Ra'ayina shi ne, bishiyar daji ba za ta tsira daga gatari ba sai ranar da 'ya'yanta suka iya wuce lokacinsu, aka dafa su ko aka busar da su aka adana, suka zama abin da gida zai ci a bazara, ko ya kai kasuwa ya dawo da kuɗi kowace shekara. Ilimin yin haka kuwa yana nan a hannun tsofaffin matanmu, sai dai yana tafiya tare da su.

Wanda ya tashi a ƙauye ya san cewa daji yana da jerin lokutansa kamar yadda gona take da nata. Idan damina ta ja baya sai ɗinya ta yi baƙi ta fara zuba. Da kaka ta shiga, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai magarya da kurna su yi ja, kanya ta nuna ta yi zaƙi. Cikin sanyi ake kaɗe tsamiya, a tsinci aduwa da taura, a sauke 'ya'yan kuka, goruba kuma ta bushe a bisa, musamman a fadamun Haɗeja inda take da yawa. Da zafin bazara ya tsananta, daidai lokacin da rumbu ya fara yin ƙasa, sai ɗorawa ta kawo garinta mai ruwan ƙwai da kalwar da ake yin daddawa da ita, sannan farkon ruwa ya zo da nunun danya da kaɗe da gwandar daji. Duk wannan babu wanda ya sa masa taki, babu wanda ya yi masa ban-ruwa, kuma shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri hatsi ya ƙi, waɗannan itatuwa masu dogayen saiwoyi sukan ba da abin da suka saba bayarwa. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 suna iya faɗin gidajen da garin ɗorawa da ganyen kuka da aduwa suka riƙe har Allah ya kawo sauƙi.

Ina jin wannan tarihin ne ma ya jawo musu raini. Abin da mutum ya ci don yunwa yakan so ya manta da shi idan ya ƙoshi, sai 'ya'yan itacen daji suka zama abincin yara da na marasa hali, abin da ake jin kunyar ajiye wa baƙo. Gidan da zai sayi lemon kwalba ya tari baƙo da shi, yana da tsamiya a bayan katanga da kuka a bakin gona, amma ba ya ganin su a matsayin abin karramawa. Alhali garin 'ya'yan kuka ya fi lemon zaƙi yawan sinadarin bitamin C nesa ba kusa ba, har Tarayyar Turai ta amince a shekarar 2008 a riƙa shigar da shi ƙasashenta a matsayin abinci, kuma yau ana sayar da shi a can cikin ƙananan fakiti da tsada. A Sudan da Masar, ruwan tsamiya da na goruba suna cikin abubuwan da ake buɗa baki da su a watan azumi, a gidan mai kuɗi da na talaka. A kudancin Afirka kuwa, danyar nan da muke barin nununta ga awaki, daga 'ya'yanta ake yin abin shafa wa burodi, daga ƙwallonta kuma a tatsi man da kamfanonin kayan shafa ke saye.

Mu ma muna da namu, kuma maɗin ɗinya ya isa misali. Mace za ta tara ɗinyar da ta nuna ta yi baƙi ƙirin, ta tsince wadda tsutsa ta taɓa, ta wanke, ta jiƙa a babbar ƙwarya ko masaki har ta yi laushi. Sai ta sa hannu ta murje ta sosai, naman ya rabu da ƙwallon, ruwan ya koma baƙi mai kauri, ta tace da rariya ta sake tacewa da ƙyalle mai tsabta. Daga nan sai tukunya. Wutar ba a cika ta, kuma ba a barin wurin, domin da zarar ruwan ya fara ja baya sai ya nemi kamawa a gindi, dole muciya ta yi ta yawo. Tun yana tafasa da kumfa fari-fari ana kwashewa, har ya koma yana ɓulɓula a hankali, ƙamshinsa ya cika tsakar gida, yara su fara zagaye murhu ana kora su. Gwanar ba ta da ma'auni sai idonta: za ta ɗaga muciya ta ga yadda maɗin ke zuba, ko ta ɗiga kaɗan a cikin ruwan sanyi, in ya watse ta ce da saura, in ya dunƙule ya zauna ta sauke. Wanda aka bari ya ƙara dahuwa shi ake ja ya zama alewa. Buhun ɗinyar da zai lalace cikin kwana kaɗan ya koma 'yan kwalabe da za su yi watanni, a zuba a koko, a sha da fura, a lasa wa yaro. Haka ake ɓare tsamiya a cura ta a ajiye shekara guda ana kunu da ita, a daka busasshiyar magarya a tankaɗe garin a yi curi, a kankare goruba a adana garinta.

Wannan aiki shi ne dai abin da Turawa ke yi wa 'ya'yan itatuwansu su kira shi jam, su zuba a kwalba, mu saya a kanti da tsada. Bambancin kawai shi ne su sun auna komai sun rubuta, mu kuwa mun bar shi a ƙwaƙwalwar tsofaffi. Ƙa'idar ba ta da wuya. Abin da ke hana irin wannan dahuwa lalacewa abu uku ne suke haɗuwa: yawan sukari, wanda ke tsotse ruwan da ƙwayoyin cuta ke buƙata, da tsami, da kuma zafin da ya kashe abin da ke ciki kafin a rufe. A bisa al'ada ana sa sukari kusan daidai da nauyin naman 'ya'yan itacen, a dafa har sukari ya kai wajen kashi 65 cikin 100 na abin da ya rage a tukunya, wanda yakan zo daidai da lokacin da zafin ya kai digiri 105 a ma'aunin Selshiyas. Wadda ba ta da ma'aunin zafi sai ta ɗiga kaɗan a kan faranti mai sanyi, ta jira, ta tura da yatsa, in saman ya tattare to ya yi. Kanya tana da zaƙi amma ba ta da tsami, don haka tana buƙatar ruwan lemon tsami ko na tsamiya. Garin 'ya'yan kuka kuwa yana da tsami, yana kuma ɗauke da sinadarin fektin mai sa dahuwa ta kama jikinta, shi ya sa ɗan kaɗan daga cikinsa ke gyara tukunyar da ta ƙi yin kauri. Wato abin da wata bishiyar ta rasa, maƙwabciyarta a gona ɗaya tana da shi.

Inda muke da rauni na gaske shi ne mazubi. Robar ruwan da aka tsinto a wurin biki aka ɗauraye da ruwan sanyi ba wurin adana abinci na watanni ba ce, kuma ba a zuba abu mai zafi a cikinta. Kwalbar gilashi mai faɗin baki ake so, a tafasa ta da murfinta, a kife ta bushe, a zuba dahuwar da zafinta, a rufe nan take, sannan duk lokacin da za a ɗiba a sa busasshen cokali. Wanda ya yi fumfuna a zubar da shi, kada a kwashe saman a ci na ƙasa. Haka shanya: 'ya'yan itacen da aka baza a ƙasa ko a gefen kwalta, ƙura da kashin dabbobi suna hawa, ko aka ɗure su a buhu da sauran danshi, ba za su ba da abin da za a yi alfahari da shi ba, kuma fumfunar da ke kama abinci mai danshi tana iya haifar da guba mai cutar hanta. Tabarma a bisa gado ko rumfa, da ƙyalle mai shara-shara a rufe, sun magance yawancin wannan. Waɗannan abubuwa ne da malaman gona mata na KNARDA da JARDA, hukumomin bunƙasa noma na jihohin Kano da Jigawa, za su iya koyarwa a zaure ɗaya cikin yini ɗaya, su kuma su koyi abin da tsofaffin suka fi su sani. Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Dambatta, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da cibiyar nazarin noman busassun ƙasashe ta Jami'ar Bayero, duk suna da ɗaliban da ke neman abin da za su yi bincike a kai. Zan so in ga an auna maɗin ɗinya an rubuta yawan ruwa da tsawon dahuwa da watannin da yake yi bai lalace ba, a buga da Hausa, boko da ajami, a karanta a rediyo.

Akwai masu cewa wannan shawara tana cin kanta, domin dafa maɗi yana cin itace, sai a ƙone bishiya don a ceci bishiya. Magana ce mai nauyi, kuma bai kamata a wuce ta da sauri ba. Gaskiya ne tukunyar da za ta yi awoyi a kan murhun duwatsu uku tana lashe itace mai yawa. Amma rassan da ake ragewa kowace shekara, da karan dawa da na gero, ba ɗaya suke da kayar da bishiya daga tushe ba, tun da wadda aka rage wa reshe za ta sake tohowa. Murhun laka mai tsimin itace yana rage abin da ake ƙonawa, kuma mata biyar da suka haɗa ɗinyarsu a babbar tukunya ɗaya ba za su ƙona abin da murhu biyar za su ƙona ba. Ban da haka, rabin aikin ma ba ya buƙatar wuta, tun da tsamiya da magarya da goruba da kuka rana ce ke adana su, ita kuwa Allah ya hore mana ita. Wasu kuma za su ce sukari ya yi tsada. Haka ne, shi ya sa na fara da maɗi, wanda zaƙinsa daga ɗinyar kanta yake fitowa, kuma inda ake buƙatar ƙari, mazarƙwaila tana nan.

Kasuwa kuwa ba sai an ƙirƙiro ta ba. Mutanen birni sun fara neman garin goruba suna shayi da shi, kunun tsamiya bai taɓa barin buɗa-baki ba, kuma duk wanda ya shiga kasuwar Dawanau da ke Kano ya ga buhunan tsamiya da zoɓo ya san cewa abin da ake raina wa a ƙauye yana da masu saye a nesa. Zoɓon Jigawa har Meksiko ake kai shi. Sai dai abin da ke fita daga ƙauye ɗanye yake fita, a farashin ranar da kowa ya kawo nasa, wato ranar da ya fi araha. Matar da ta kai tiyar tsamiya kasuwar Gujungu ko Maigatari a tsakiyar lokacinta, abin da dillali ya taya shi za ta karɓa, domin ba za ta koma gida da ita ba. Wadda ta cura ta ajiye har azumi, ko ta dafa ta zuba a kwalba, ita ke faɗin farashi. Idan ƙungiyoyin mata suka kai ga sayarwa a kantuna za su buƙaci rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kuma nan ne ya dace ƙananan hukumomi su shigo, su samar da ɗaki ɗaya mai tsabta da ruwa da ma'auni wanda ƙungiyoyi da yawa za su yi aiki a ciki, maimakon a bar kowace mace ta fuskanci takardu ita kaɗai.

Game da dashen itatuwa, ina girmama ƙoƙarin da ake yi. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Najeriya ta kafa wa hukuma ta musamman a 2015, ya haɗa da Kano da Jigawa cikin jihohi 11 da hamada ke yi wa barazana, kuma jerin darbejiya da turare da aka dasa tun shekarun baya a arewacin jihohin biyu sun tare iska sun riƙe ƙasa. Amma darbejiya ba ta shiga tukunya. Ina ganin lokaci ya yi da gandun renon itatuwa za su cika da ɗinya da kanya da tsamiya da ɗorawa da magarya, har da magarya mai aure, irin wadda cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta yaɗa a Nijar, mai manyan 'ya'ya da saurin haihuwa. Abin da ya faru a yankin Maraɗi ma ya nuna cewa ba kullum sai an dasa ba. Tun daga farkon shekarun 1980 manoma a can suka fara barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututtura, su zaɓi masu ƙarfi su rage saura, kuma ta wannan hanya aka farfaɗo da itatuwa a faɗin kudancin Nijar, a filin da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5. Abin da ya ƙarfafa su shi ne tabbacin cewa bishiyar da suka rena tasu ce. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya daɗe yana nazarin ƙauyukan kewayen Kano, ya kuma nuna cewa cunkoson jama'a bai sa manoma sun ƙarar da itatuwan gonakinsu ba, domin suna cin moriyarsu. Manomin Kano bai taɓa ƙin bishiya mai amfani ba. Addini ma yana tare da shi, tun da ya tabbata a hadisi cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi.

Abin da ya fi damuna a cikin shawarar tawa shi ne abin da zai biyo bayan nasararta. A ƙauyukanmu gona ta namiji ce, bishiyar da ke cikinta ma tasa ce, amma 'ya'yanta mata da yara ne ke tsinta, su ne kuma suka san yadda ake sarrafa su. Muddin ɗinya ba ta da kuɗi, babu mai hana kowa. Ranar da ta yi kuɗi, mai gona zai iya sayar da 'ya'yan tun suna bisa ga ɗan kasuwar da zai zo da mota da 'yan ƙwadago, a kaɗe su ɗanye da nunanne, matar gidan ta koma kallo, bazawarar da ke tsintar aduwa ta sayi gishiri da sabulu ta tarar an kewaye bishiyar da ƙaya, almajiri da ɗan makiyayi su rasa abin da suke jefawa a baki da rana. Idan haka ta faru, bishiyar ta tsira amma an ƙwace ta daga waɗanda suka fi buƙatarta, kuma ni ba wannan nake kira a yi ba.

Saboda haka nake ganin aikin dagatai da masu unguwanni da limamai ya kamata ya riga kasuwa isowa. A yawancin ƙauyukan da na sani akwai tsohuwar al'ada cewa abin da ya faɗo ƙasa da kansa na mai tsinta ne, hawa bishiya ko kaɗa ta da gora kuwa sai da izinin mai ita. A tabbatar da wannan al'ada a gaban jama'a tun yanzu, a faɗe ta a masallaci da ƙofar dagaci. Itatuwan da ke makiyaya da burtali da bakin fadama, waɗanda ba na kowa ba ne, a hana sayar da su ga mai gawayi, a kuma hana wani mutum ɗaya ya kame 'ya'yansu, a sa ranar da za a fara kaɗa kowace iri bayan ta nuna. A cikin gida kuma, maigida da uwargida su yi magana a fili kan rabon abin da kwalaben suka kawo, domin mijin da ya ga rabonsa kowace shekara ba zai saurari tayin mai gawayi ba, matar da ta san wahalarta ba za ta tafi a banza ba kuma ita ce za ta kira 'yarta ta zauna kusa da murhu ta koyi lokacin da ake sauke tukunya.